Biskit ɗin Gizo: ba gishiri, ba sukari, ba sauran laima

Kare da hanci yake fara cin abinci kafin ya kai ga baki. Ƙwayoyin ɗanɗanon da ke kan harshensa wajen 1,700 ne, na ɗan Adam kuwa sun kai kimanin 9,000, amma in aka zo fagen sansana ƙamshi mu 'yan kallo ne. Wannan ne abin da ya fi yi mini wuyar karɓa da na fara gasa wa karena Gizo biskit a gida. Hannun da ya saba da girki yana da nasa ra'ayin: da ya ga kwaɓi sai ya nufi gishiri, ya laluba sukari, ya so a ɗan ƙara mai don abin ya yi taushi. Duk wannan hidimar harshenmu ce. A girkin kare, aikin farko shi ne mutum ya iya riƙe hannunsa.

Ƙibar Gizo ce ta kai ni ga wannan girkin. Muna koya wa Gizo zama da tsayawa da zuwa in an kira shi, kuma irin wannan horon da lada yake tafiya: ya yi daidai, ka miƙa masa ɗan abin maƙulashe nan take. Na kanti muke ba shi, manya-manya, kowa a gidan yana da hannu a cikin ledar. Da na kai shi rigakafi likitan dabbobi ya ɗora shi a sikeli, ya shafa gefen cikinsa yana neman haƙarƙari, ya ɗago ya dube ni.

"Malama, sau nawa ake ba shi abin nan a rana?"

"Likita, ai sai in ya yi abin kirki."

"To, da alama yana yawan yin abin kirki."

Ya jawo takarda ya yi mini lissafi. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bi ita ce duk wani abin maƙulashe kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) da kare yake buƙata a yini, sauran kashi 90 ɗin su fito daga cikakken abincinsa. Kare irin Gizo, baligi, wanda aka yi wa dandaƙa, da ya kamata nauyinsa ya tsaya a kilo 15, buƙatarsa ba ta wuce kalori 850 ko kusa da haka ba. Ke nan rabon biskit kalori 85 ne kacal. Na dawo da wannan lambar a kaina, kuma ita ta tsara duk abin da ya biyo baya, har da girman da zan riƙa yanka biskit ɗin.

Na san akwai masu gasa wa karnukansu abinci saboda tsoron na kamfani, kuma tsoron yana da tushe. A shekarar 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai ɗimbin yawa daga kasuwannin Amurka da Kanada, bayan an gano sinadarin melamin a cikin wani haɗin alkama da aka shigo da shi daga Sin, dabbobi da dama kuma ƙodarsu ta lalace. Amma ni ban yarda cewa duk abin da aka yi a gida shi ke nan ya tsira ba. Abubuwan da suka fi saurin kwantar da kare a ɗakin girkinmu suke zaune, kuma kusan dukkansu abubuwa ne da muke ƙauna.

Ɗauki markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba. Karnuka suna mutuwar sonta, kuma ita ce ke ba biskit ƙamshin da zai sa kare ya baro ƙarshen gida a guje. Sai dai wasu kamfanoni suna zuba mata wani abin zaƙi a madadin sukari, zailitol, wanda a takardar kwalba ake rubutawa xylitol ko E967. Mutum ya sha ba abin da zai same shi. Jikin kare kuwa ɗaukarsa yake yi tamkar sukari ne ya shigo da yawa, sai ya sako insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, babu ƙaƙƙautawa, sukarin jininsa ya faɗi warwas, sau da yawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Kare ya fara amai, ya riƙa tangaɗi, ya kama farfaɗiya, in abin ya yi yawa hanta ta tafi. Na tsaya na karanta bayan kowace kwalba da na ɗauka, na zaɓi wadda aka rubuta abu ɗaya tak a jikinta: gyaɗa. Wanda zai markaɗa da kansa kuma ya tsince gyaɗar da kyau, ya zubar da duk wadda ta yamushe ko ta canza launi ko take warin ruma, domin hunhunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da gubar afulatokzin, kuma karnuka suna cikin dabbobin da ba sa jure mata.

Sauran haramtattun na riga na san wasu, wasu kuma a bakin likita na ji. Cakulan yana ɗauke da tiyoburomin, wanda jikin kare yake daɗewa bai fitar ba, kuma mai duhun ya fi haɗari. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe ƙoda, kuma babu wani adadi da za a ce wannan ba komai. A 'yan shekarun nan masana sun fi zargin sinadarin tatarik asid da ke cikinsa. Gyaɗar makadamiya tana kashe wa kare ƙafafun baya. Wanda ya fi ba ni tsoro dai albasa ce da tafarnuwa, don ba a ganin shigarsu. Suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, alamar kuma ba ta fitowa sai bayan kwanaki, kare ya yi lakwas, dasashinsa ya yi fari. Garinsu ya fi ɗanyensu ƙarfi, kuma yana ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano da romon gwangwani da kusan kowane haɗaɗɗen kayan ƙamshi. Saboda haka in girki ya ce a kwaɓa da romo, ni ruwan da na dafa nama zalla a ciki nake sawa, ko ruwa kawai. Yis ma ban kawo shi kusa ba: kwaɓin da ke tashi, in kare ya sata ya haɗiye, zai ci gaba da kumbura a cikinsa yana fitar da barasa.

Da aka cire duk waɗannan abin da ya rage ba yawa, kuma ya isa. Garin ots (hatsin da ake kira oats da Turanci) giram 250, dafaffiyar kabewa giram 150, markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 60, ƙwai ɗaya.

Yayata da ta ga ina niƙa ots ta ce, "Ke kuwa, kare ba jikan kyarkeci ba ne? Me ya haɗa shi da hatsi?" Na ce, "Yaya, jikan ne, amma ya daɗe a gidan mutane." Masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun wallafa wani aiki a 2013 inda suka kwatanta ƙwayoyin gadon kare da na kyarkeci, suka tarar kare yana da ninkin ƙwayar gadon da ke samar da amiles, ruwan da ke narkar da sitaci, fiye da kakan nasa nesa ba kusa ba. Dubban shekaru na cin ragowar manoma sun bar shaida a cikinsa. Dafaffen hatsi ba baƙo ba ne a wurin kare. Na zaɓi ots a kan alkama ne kawai don alkama tana cikin abubuwan da kan tayar wa wasu karnuka ƙaiƙayi, ko da yake naman sa da madara da kaza sun fi ta yawan yin hakan. Yaya ta taɓe baki ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta bar ni da injin markaɗena.

Niƙan ots ba wuya, minti ɗaya a busasshen kofin injin ya zama gari. Na bar shi da ɗan tsaki-tsaki. Kabewar turara ta na yi maimakon in tafasa ta a ruwa, na dame ta da cokali mai yatsu, na juye a rariya ta tsane. Duk ɗigon ruwan da ya fita a nan, ruwa ne da ba sai na kore shi da wuta daga baya ba. Na fasa ƙwan a kan kabewar, na zuba gyaɗar, na juya har suka zama abu ɗaya mai launin ƙasa-ƙasa da ja, sannan na riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan.

A nan kwaɓin ots yake yaudarar mutum. Da farko sai ya yi caɓal, ya manne a yatsu, zuciya ta ce ƙara gari. Kada a ƙara. A rufe shi a ba shi minti 15, ots zai shanye ruwan a hankali, in ka dawo ka tarar ya haɗe kamar yumɓun da aka gama cuɗawa, ka danna yatsa ramin ya tsaya, hannunka ya fito fes. Ba ya da danƙon nan na fulawar alkama, don haka ba ya miƙewa, tsagewa yake yi a gefe in ana murza shi. Ba laifi ba ne. Na shimfiɗa shi tsakanin takardun gashi biyu, na bi da katakon murji daga tsakiya zuwa baki, inda ya tsage na haɗe da yatsa, har kaurinsa ya dawo milimita 5, wato rabin santimita. Abin lura shi ne kaurin ya zo ɗaya ko'ina, in ba haka ba gefe zai ƙone tsakiya tana ɗanya.

Ana sayar da ƙarfen yanka mai siffar ƙashi, kuma ina da shi, amma in faɗi gaskiya don mai kare aka ƙera shi da kuma hoton da zai ɗauka. Gizo bai taɓa tsayawa duba siffar abin da aka miƙa masa ba. Ƙarfen yana fitar da biskit ƙato, yana barin ragowar kwaɓi da sai an sake murzawa, kuma ƙusoshin ƙashin su ne ke fara ƙonewa. Wuƙa na sa, na ja layi tsaye da kwance. Kwaɓin gaba ɗaya yana ɗauke da kalori wajen 1,400, mafi yawa daga ots da gyaɗa, don kabewa kusan ruwa ce. In aka raba shi gida 70, kowane ɗaya ya tashi a kalori 20, Gizo ya samu huɗu a rana. Rabin tiren kuma na ƙara tsaga kowane gida huɗu, ƙanana kamar ƙwayar wake, na horo ke nan. Kare ƙirga sau nawa aka ba shi yake yi, girman bai dame shi ba. Ƙanana 16 sun fi masa manya huɗu daraja. Manyan na caccake su da cokali mai yatsu don tururi ya samu hanyar fita.

Na sa a obin mai zafin digiri 175 na ma'aunin Salshiyos. Bayan minti 20 zuwa 25 gefensu ya fara ja, ƙasansu ya yi launin zuma, ƙamshin gasasshiyar gyaɗa ya cika ɗakin. Gizo ya zo ya zauna a bakin ƙofa ba tare da an ce masa zauna ba, hancinsa yana rawa, yawu yana ɗiga a kan tayil. In biskit ɗin mutane ne, nan aka gama.

Na kare kuwa yanzu aka zo wurin aikin, kuma wannan ne matakin da na ga yawancin masu koyarwa suna tsallakewa da jimla ɗaya. In ka karya biskit ɗin a wannan lokacin za ka ga bayansa ya gasu amma cikinsa yana da duhu da taushi. Laima ce. Na kanti yana wata da watanni a leda saboda an busar da shi ƙarau, galibi kuma an sa masa abin hana lalacewa. Naka ba shi da gishiri, ba shi da sukari, ba shi da wani sinadari. Abin da zai tsare shi daga hunhuna ɗaya ne, rashin ruwa. Asalin biskit ɗin kare ma daga nan ya fito. James Spratt, wani Ba'amurke mai aikin lantarki da ya je Ingila, shi ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Landan wajen 1860, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ya ga karnuka a tashar jiragen ruwa suna cin ragowar busasshen biskit ɗin matuƙa jirgi, wanda ake gasawa har ya ƙame don ya jure doguwar tafiyar teku. Ya haɗa nasa da alkama da kayan lambu da nama. Siffar ƙashin daga baya ta zo, a Amurka, farkon ƙarni na 20.

Sai na rage wutar zuwa digiri 100, na juya biskit ɗin ɗaya bayan ɗaya, na saƙala cokalin katako a ƙofar obin ta ɗan buɗe don tururi ya riƙa fita. Ƙananan sukan bushe cikin awa ɗaya, manyan su nemi awa ɗaya da rabi ko biyu, ya danganta da ruwan kabewar da yanayin iska. Daga nan na kashe wutar na bar su a ciki har obin ya huce gaba ɗaya.

Hanyoyin gane ya bushe guda uku na riƙe, kuma na fi yarda da na ƙarshe. Na farko kunne: ka karya ɗaya, ya ce ƙas, ba ya lanƙwasa ba, cikinsa da bayansa launi ɗaya. Na biyu sikeli: kwaɓin ya shiga da nauyin giram 500 da 'yan kai, in ya bushe sosai zai rasa kusan kashi ɗaya bisa uku, ya dawo wajen 340. Na uku kwalba. In sun huce sarai, ka zuba 'yan kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi ka murɗe murfin, ka bar ta ta kwana. Da safe ka ɗaga ta wajen haske. In ka ga ko da ɗan hazo a jikin gilashin daga ciki, ko biskit ɗin ya daina ƙara in ka girgiza, akwai sauran ruwa, a mayar da su wuta. Kuma kada a taɓa rufe biskit da ɗuminsa, ko ya bushe. Guminsa kaɗai ya isa ya jiƙa kwalbar.

Bushewa daban, tauri daban. Likitocin haƙoran dabbobi suna yawan ganin karyewar babban turmin sama, haƙorin da kare yake datsa da shi, sanadin ƙashi da ƙaho da sauran abubuwan da ba sa ba da kai. Gwajin da suke bayarwa shi ne abin da farcen babban yatsa ba zai iya yi wa alama ba ya yi tauri da yawa. Shi ya sa na tsaya a rabin santimita: a wannan kaurin biskit ɗin ots yana rugurgujewa da an cije shi. Tsohon kare mai ciwon baki kuwa a tsoma masa a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kafin a ba shi.

Ranar farko guda ɗaya na ba shi, duk da kallon da ya bi ni da shi. Sabon abu a cikin kare a hankali ake shigar da shi. Na jira kwana ɗaya ina duba kashinsa, ina lura ko zai fara sosa kunne ko lasar tafin ƙafa ba ji ba gani, waɗanda su ne alamun da abinci kan nuna in bai karɓi kare ba. Shiru. Kabewa ma takan taimaka wa kashi ya haɗu saboda zare-zaren da ke cikinta.

Daga baya na gwada na hanta, don akwai wuraren da biskit ɗin gyaɗa ba ya iya jawo hankalin Gizo, misali in ya hango wani kare a hanya. Ɗanyar hanta giram 250 na markaɗa da ƙwai ɗaya, na zuba garin ots har ya yi kaurin da za a iya shafawa, na baza a tire mai takarda, na gasa minti 20, na yayyanka ƙanana sosai na mayar su bushe. A buɗe taga kafin a fara, warin yana kama labule. A wurin kare kuwa babu na biyunsa. Da shi na samu Gizo ya juyo daga tsakiyar gudu. Sai dai hanta cike take da bitamin A, wanda jiki yake tarawa ba ya zubarwa, yawansa a kan lokaci yana taɓa ƙashi da gaɓoɓi, kuma ko a rana ɗaya in ta yi yawa zawo ne. Don haka ta zama ta manyan ayyuka kawai. Kitse ma na guje masa gaba ɗaya, ba fatar kaza, ba man da ya rage a tukunya, saboda abinci mai maiƙo yana iya tayar da kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ciwon da kan kwantar da kare a asibiti. Mafi sauƙin duka dankali mai zaƙi ne: a yanka shi fale-fale a tsaye, a shanya a obin mai digiri 120 na wajen awa uku, a juya sau ɗaya, ya fito yana lanƙwasa, kare ya samu abin tauna.

Ajiya kuwa na raba ta ne bisa ga yawan ruwa da nama. Busasshen na ots yana mako biyu a kwalba a wuri mai sanyi da duhu, ko da yake gyaɗar cikinsa mai ce, in ya daɗe ƙamshinsa yana juyawa ya koma na tsohon mai, wannan kuma na zubarwa ne. Na hanta da na dankali firij suke shiga, kada su wuce kwana biyar zuwa mako. Sauran duka firiza, a ƙananan leda da kwanan wata a jiki, suna kai wata uku lafiya, kuma ba sai an jira sun saki ba in ƙanana ne. In ka ga hunhuna a jikin guda ɗaya, kwalbar gaba ɗaya ta tafi, don abin da ido ya gani ƙarshen zaren ne kawai.

Abin da ya rage shi ne mutanen gida, waɗanda lissafin kalori bai shafe su ba in Gizo ya ɗora musu haɓa a gwiwa. Na samo ƙaramin kofi mai murfi, kowace safiya in ƙirga rabon yini in zuba, manya huɗu ko ƙanana 16, kwalbar kuma ta hau saman kabad. Kowa yana da izinin bayarwa daga kofin, in ya ƙare ya ƙare. Ranar da horo ya yi tsawo har aka wuce rabon, sai in rage daidai wannan daga abincin darensa. Duk ƙarshen wata ina ɗaukarsa in hau sikeli da shi, in sauke shi in sake hawa ni kaɗai, in cire, in rubuta a jikin kalanda.